Kafin Gahawar Ta Huce

Ruwa ya kwana yana zuba, ya ɗauke da asuba. Ina zaune a ƙofar gidana a Gidan Dahala, ƙarƙashin dogon yaro, da littafi buɗe a cinya. Ba karanta shi nake ba. Tun da na yi ritaya daga koyar da tarihi na gano cewa mutumin da ke riƙe da littafi ana taƙaita masa gaisuwa, kuma wannan amfanin ya fi yawancin abin da ke rubuce a ciki.

Sai ga babur ya shigo layinmu a hankali yana kauce wa kududdufai. Ba irin na 'yan kabu-kabu ba ne. Babba ne, baƙi, da akwatunan ƙarfe a gefe da gefe, laka ta shafe shi har fitila. Mai shi ya tsaya a gabana, ya kashe, ya cire hular kwano. Na ga saurayi mai gemu, ya haura talatin. Ya sauko ya durƙusa har ƙasa cikin wata riga mai kama da sulke.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. In hanyar Illela kake nema, ka baro ta baya."

Ya yi dariya. "Baba, Silas ne fa. Ɗan Yakubu kafinta."

Dariyar na gane kafin fuskar. Yakubu mutumin Filato ne, ya yi shekaru yana haya a gidan da muke katanga ɗaya, shi ya buga mini kantocin littattafan da har yau ba su lanƙwasa ba. Matarsa Rifkatu da matata Muhsina ta saman katangar nan suke miƙa wa juna kwano, naman Sallah ya tsallaka can, shinkafar Kirsimeti ta tsallako nan. Mu Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka rabin Silas namu ne. Muhsina ce ta koyar da shi a firamare, ita ta zaunar da shi kan tabarma har baƙi ya buɗe masa. Malama yake ce mata, a makaranta da gida. Da Yakubu ya tsufa suka kwashe suka koma garinsu.

Bai gama miƙewa ba ya dubi ƙofar zaure. "Ina Malama?"

Muhsina ta rasu bara da damina. Silas bai sani ba, gidansu ma ba wanda ya sani. Zumuncinmu duk a wayarta yake, ita ke kira, ita ke tuna wa ya haihu wa ya yi ciwo. Da ta tafi wayar ta mutu a aljihun tebur.

Mutanenmu suna da al'ada, ba a gaya wa matafiyi mutuwa yana kan hanya, kuma ba a tarbarsa da ita. Sai ya sauka, ya sha ruwa, ya ci abinci. Ni na san al'adar nan daga ciki. Ranar da Muhsina ta rasu ina Zariya duba jarrabawar ɗalibai. Ƙaninta ya kira ya ce jikinta ya ɗan motsa, in taho amma kada in yi gaggawa. Ban yi gaggawa ba. Na tsaya a Funtuwa na ci shinkafa da wake da mai da yaji, ta yi mini daɗi har na ce a ƙara. A lokacin ana yi mata wanka. Da na iso na tarar da maza a kan tabarmi a wannan wuri da nake zaune, an dawo daga maƙabarta. Tun ranar nake gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa wannan ba tausayi ba ne, tsoro ne aka naɗa wa rawani, kuma ni ba zan taɓa yi wa ɗan Adam haka ba.

Na buɗe baki in gaya masa. Abin da ya fito shi ne, "Zauna tukuna ka huta. Daga ina?"

Ya zauna a bakin dakali yana kwance takalma. Daga Gembu yake, can kan tsaunin Mambila, inda yake aiki da manoman gahawa, yana saye yana soyawa yana sayarwa. Ikko za shi wani taron masu sana'ar, amma ya ɗauko doguwar hanya, ta Jalingo da Gombe da Kano da Gusau. Jiya da yamma ya shigo gari ya kwana a masauki. Yau yana so ya kai Yawuri kafin rana ta faɗi.

"Ikko ta Sakkwato," na ce. "Wa ya koya maka taswira?"

"Malama."

"Ya nuna."

"Don ita na zagayo, Baba. Ka tuna gahawarta ta kan gawayi, mai citta da kanumfari? Ni ke daka mata a ɗan turmin nan. Ita ta fara ɗanɗana mini, na tofar, ta ce wata rana zan neme ta da kuɗina." Ya buɗe akwati ɗaya ya fito da wani ƙunshi na takarda mai kauri, ya ɗaga shi da hannu biyu. "Wannan daga gona guda ce, ta wata tsohuwa. Ba a haɗa ta da ta kowa ba. Ta Malama ce. Amma kada ka kira ta tukuna. Bari in gwada da sauran irinta a kanmu, in ji ruwan garin nan. Ba na so in kai mata wadda ba ta zauna ba."

"Wato ni ne zakaran gwajin dafi."

"Ai kai ba abin da ke kama ka, Baba."

Ban kira ta ba.

Ya shimfiɗa ƙyalle a kan dakali ya jera kaya kamar wanzami. Ɗan murhun gas, buta mai siririn wuya kamar na balbela, sikeli, mazurari, takardar tacewa, da ɗan injin niƙa na hannu. Ya auna ƙwayar, ya zuba, ya shiga murzawa. Ƙamshi ya tashi ya gauraye da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ruwan ya tafasa bai zuba ba, ya sauke ya jira.

"Mi kake jira?"

"Ya ɗan sauka. In ya yi zafi da yawa yana ƙona ta, ta yi ɗaci."

Ya zuba kaɗan, garin ya kumburo yana kumfa, ya sake tsayawa. Sannan ya ci gaba da zubawa siriri yana zagayawa. Na gaya masa cewa ƙarnuka da suka wuce malamai a Makka da Misra sun yi ta gardama ko abin nan halal ne ko haram, kuma da sun ga tsawon lokacin da yake ɗauka a hannunsa da sun haramta shi saboda ɓata lokacin salla. Ya ce shi a kan hanya wannan ne kaɗai abin da ba ya yi da sauri. Duk inda gari ya waye masa, ko tasha ce ko gindin kuka, sai ya zauna ya yi ta a tsanake, in ba haka ba sai ya ji kamar hanyar ce ke tuƙa shi.

Muna nan keke mai ƙafa uku ya sauke yayata Kaltume. Daga Ƙofar Marke take zuwa kowace safiya da waina da kunu, tun rasuwar. Ta ce abinci take kawo mini. Ni na san zuwa take ta ga ko na kwana da rai. Ta tsaya ta ƙare wa babur kallo, sannan ta dubi mai shi.

"Wanga ba ɗan Rifkatu ba ne? Mai satar mana goruba?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Duk karatun da anka yi maka, kabu-kabu ka ƙare?"

"Kabu-kabun da ba ya ɗaukar fasinja, Gwaggo."

"To wannan ai ya fi muni. Ina uwarka? Ƙafar tata ta bari?"

Suka gaisa har suka gaji. Sannan Silas ya ce, "Malama na zo gani. Yanzu zan haɗa mata tata."

Kaltume ta dube ni sau ɗaya. Abin da take son sani ta gani.

"Ayya," ta ce, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ta tahi Wurno suna. Sai jibi."

Fuskarsa ta faɗi. "Wurno? Baba bai faɗa ba."

"Shi wanga? In gidan na cin wuta sai ya kai ƙarshen shafi."

"To a kira mini ita in ji muryarta."

"Wayarta ta lalace. Jelani, taho ka karɓi kwanon ga."

Na bi ta cikin zaure. Ta ajiye kwano ta juyo, ta rage murya.

"Kada ka kuskura."

"Yaya, kin yi masa ƙarya a ƙofar gidana."

"Na yi, Allah ya yafe min. Ka ga abin da yake hawa? Ƙafa biyu. Ka ɗora mai mutuwa ka sake shi hanyar Yawuri, ga ruwa, ga manyan motoci. In hawaye ya rufe mai ido, kai za ka kira Rifkatu? Bari ya isa Ikko, ya sauka, sai a kira shi."

"Kamar yadda kuka yi mini."

"Kamar yadda munka yi maka. Ga ka nan tsaye kana min rashin kunya. Da an gaya maka gaskiya, da wannan tuƙin naka, gawa biyu za mu wanke."

"Kun hana ni sallarta."

"Mun hana ka. Ka iso da ranka." Ta gyara mayafi. "Shekara guda kana hukunta mu, mun ɗauka. Yaron mutane kuma ka ƙyale shi."

Daga waje Silas ya ce, "Baba, tana hucewa."

Muka fito. Ya miƙo mini ƙaramin kofi, ba madara ba sukari. Na kurɓa da shirin in faɗi wata magana mai kaifi, maganar ba ta zo ba. Ba ta da ɗacin da na sani. Akwai ɗan tsami a gaba kamar na zoɓo, bayan an haɗiye kuma wani zaƙi ya biyo can ƙasan harshe, irin na busasshen dabino. Ya ce in jira ta ƙara hucewa, za ta sake. Ta sake ɗin.

Kaltume ta kurɓi tata ta yamutsa fuska. "Ɗan nan, an cuce ka. Ba ta nuna ba." Ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin sukarin da ta kawo don kunu, ta zuba son ranta, ta juya da yatsa. Silas ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa.

"Gwaggo, tsohuwar da ta noma wannan da hannu take tsince ta, ɗaya bayan ɗaya."

"To ka gaishe ta. Ka ce na gyara mata."

Muka ci waina. Rana ta fito ba zafi, ruwa na ɗiga daga ganyen dogon yaro, awaki suka zo suka shinshina tayar babur suka wuce. Silas ya miƙe ƙafafu a kan damshin yashi yana ba mu labarin hanya. Yadda hazo ke rufe Mambila har mutum ba ya ganin hannunsa. Yadda wani soja a shingen bincike ya ɗauki injin niƙan nan abin fashewa ne, aka ƙare da dafa masa gahawa, ya sha ya ce a ba shi shayi ya wanke baki. Yadda ya bi ayarin motoci daga Gusau ba ya ko tsayawa fitsari. Kaltume ta yi dariya har ta share ido. Ni ma na ji wani sauti ya fito daga ƙirjina wanda na daɗe ban ji ba.

Ya haɗa zagaye na biyu. Ina kallon hannunsa yana zagaya butar nan, sai na ga abin da nake yi. Funtuwa nake ba shi. Ga shi zaune a ƙofar gidanta, ciki cike, yana dariya, mu biyu mun sani shi bai sani ba. Kuma ban ji ina cutarsa ba. Na ji kamar ina riƙe masa wani kaya ne ya gama cin abinci. Wataƙila haka ƙanin Muhsina ya ji da ya ajiye waya. Ban ji daɗin wannan tunanin ba, don shekara guda ina jin daɗin ƙin mutumin.

Amma na san abin da ke bayan Funtuwa, Kaltume ba ta sani ba. Ba ita ta yi ta komawa kan farantin nan ba tana tambayar wace loma ce ta yi daidai da fitar da makara. Silas zai isa Ikko, ya sauka cikin baƙi, waya ta yi ƙara. Daga nan duk lokacin da ya tuna safiyar nan zai tuna fuskokinmu, ya riƙa lissafin wa ya kau da kai a wane lokaci. Ga shi kuma ba kowa kusa da shi da ya san ta.

Hantsi ya ɗaga. Ya wanke kayansa ya goge, ya mayar da kowane mazauninsa. Ya ɗaura takalma. Sannan ya ɗauko ƙunshin nan ya durƙusa a gabana.

"Baba, ka ba ta. Ka ce kada ta daka duka lokaci guda, kaɗan-kaɗan. Kada ta tafasa ta a kan wuta. Citta kuma," ya yi murmushi, "ka ce na roƙe ta, kofin farko dai ta sha ba citta. In na dawo ta nan zan biyo in ji hukunci."

Kaltume ta ce, "Za ta ji. Allah ya kiyaye hanya, ka gaida uwarka."

Ya ɗauki hular kwano.

"Silas," na ce. "Ajiye hular nan. Yau ba ka tahiya."

"Jelani," in ji Kaltume.

"Malama ba ta Wurno. Allah ya yi mata rasuwa bara, da damina. Ina Zariya, ni ma ban same ta ba."

Ya tsaya da hular a hannu. Ya dubi Kaltume, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya dubi ƙofar zaure, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya zauna a ƙasa, cikin damshin, ya ɗora hular a gwiwa.

"Ta sha wuya?"

"Ba ta daɗe ba. Hawan jini ne. Da safe tana shara, kafin azahar an gama."

Ya gyaɗa kai. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Can ya ce, "Allah ya jiƙanta. Allah ya sa ta huta."

"Amin," muka ce.

"Baba, kun bar ni ina ta zuba surutu. Ina ba ku labarin soja."

"Na bar ka ka sha gahawarka."

"Da ka gaya mini tun da na sauka."

"Da na gaya maka."

"Ban san ko in gode ba ko in yi fushi."

"Yi fushin. Ni na shekara ina yi, ba ya kisa. Akwai ɗaki, akwai ruwan wanka. Gobe in idonka ya washe ka kama hanya."

Kaltume ta sauke mayafi, idanunta jawur. "Kai dai ba ka jin magana tun kana yaro." Ta juya ga Silas. "Tashi daga cikin laka, ɗana. Ni na yi maka ƙaryar, ba shi ba, kuma gobe ma in ta kama sai in sake. Mi kake ci da rana? Har yanzu ba ka son kuɓewa?"

"Ina ci yanzu, Gwaggo."

"Duniya ta gyaru."

Babur ya ƙi shiga zaure sai da aka kwance akwatunan. Silas na turawa ta gaba, ni ina riƙe da baya ina ba da umurnin da ba wanda ya nema. Da muka jingine shi ya tsaya a tsakar gida yana kallon katangar da ke tsakaninmu da tsohon gidansu. Sabon mai gidan ya ƙara mata bulo, yanzu ko dogon mutum ba zai miƙa kwano ba.

"Mama ba ta sani ba," ya ce. "Kullum sai ta ce za ta nemi lambar Malama."

"Sai ka gaya mata."

Ya fito da waya ya matsa gindin rumfa. Ban yi niyyar saurare ba, amma gidan ƙarami ne. Na ji ta ɗauka, na ji muryar Rifkatu siririya tana tambayar ko ya isa, ko ya ga Malama.

"Na iso lafiya, Mama," ya ce. "Kina gida? Baba na kusa?" Ya juya mini baya. "A'a, ba komai. Kin karya kuwa? To ci tukuna. Zan sake kira."